Zaɓen Rabin Wa'adi na 2018 a Amurka: Yunƙurin Matasa da Rinjayen Tsofaffi

Zaɓen da aka kammala a Amurka ranar Talata 6 ga Nuwamban 2018 ya samu fitowar jama'a da ba a taɓa ganin irinta a zaɓen rabin wa'adi ba tun 1914. Kusan rabin waɗanda suka cancanci kaɗa ƙuri'a sun kaɗa, alhali shekara huɗu kafin nan, a 2014, adadin bai cika kashi 37 cikin ɗari ba, wanda shi ne mafi ƙaranci tun 1942, lokacin da ƙasar ke tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Kafafen yaɗa labarai sun fi karkata ga labarin matasa, kuma suna da hujja, domin babu wani rukunin shekaru da fitowarsa ta ƙaru kamar tasu. Sai dai idan aka dubi alƙaluman da kyau za a tarar cewa a wannan shekara da matasa suka yi rawar gani, cikin kowane matashi uku da suka cancanta biyu ba su yi zaɓe ba, yayin da cikin kowane tsoho uku biyu suka yi. Wannan tazara ita ce abin dubawa a nan, tare da abin da ya rage ta a 2018 da abin da ya hana ta rufewa.

Shugaban Amurka yana yin wa'adin shekara huɗu, amma 'yan majalisar wakilai su 435 shekara biyu kawai suke yi kafin su koma neman ƙuri'a, sanatoci 100 kuma suna yin shekara shida, ana sabunta kusan kashi ɗaya cikin uku na kujerunsu duk bayan shekara biyu. Saboda haka idan shugaba ya kai rabin wa'adinsa sai a yi babban zaɓe wanda babu sunansa a takardar ƙuri'a, amma a cikinsa ake zaɓen majalisar wakilai baki ɗaya, da wani ɓangare na sanatoci, da gwamnonin jihohi 36, da dubban 'yan majalisun jihohi da jami'an gundumomi. Mai karatu da ya saba da tsarin Najeriya, inda ake zaɓen shugaban ƙasa da 'yan majalisar tarayya a rana ɗaya kuma hukuma ɗaya ke gudanarwa, zai so ya riƙe wani bambanci a zuciyarsa: a Amurka babu hukumar zaɓe ta ƙasa da ke shirya zaɓe, kowace jiha ita ke tsara dokokin rajista da na kaɗa ƙuri'a, gundumomi da birane kuma su aiwatar. Rabin bayanin da ke tafe ya rataya ne a kan wannan.

Abin da alƙaluma suka nuna

Hukumar Ƙidaya ta Amurka tana yin bincike bayan kowane babban zaɓe, inda take tambayar dubban gidaje ko sun yi rajista kuma ko sun kaɗa ƙuri'a. Bisa wannan bincike, a 2014 kashi 20 cikin ɗari na 'yan ƙasa masu shekara 18 zuwa 29 ne suka yi zaɓe, a 2018 kuma adadin ya kai kashi 36. Masu shekara 30 zuwa 44 sun tashi daga kashi 36 zuwa 49, masu 45 zuwa 64 daga kashi 50 zuwa kusan 60, masu shekara 65 zuwa sama kuma daga kashi 59 zuwa 66. Ke nan tazarar da ke tsakanin matasa da tsofaffi ta sauko daga maki 39 zuwa maki 30. Raguwa ce ta gaske, amma ko a hakan tsoho ya kusa ninka matashi a yiwuwar zuwa rumfar zaɓe.

Akwai wani lissafin da ya fi wannan tsauri. Cibiyar CIRCLE ta Jami'ar Tufts, wadda ta daɗe tana bin diddigin shigar matasa harkokin siyasa, tana dogara ne da kundin masu zaɓe na jihohi, wato ainihin rubutun wanda ya je da wanda bai je ba, kuma a nata ƙiyasin fitowar matasa ta tashi ne daga kashi 13 a 2014 zuwa kashi 28 a 2018. Bambancin lissafin biyu ba abin mamaki ba ne, tunda sananne ne cewa idan aka tambayi mutane ko sun yi zaɓe, wasu kan ce sun yi alhali ba su yi ba, ko dai don kunya ko don mantuwa. Duk lissafin da aka ɗauka, hoton iri ɗaya ne. Wani binciken na jami'ar dai ya nuna cewa a tsakanin ɗaliban manyan makarantu fitowar ta ninka, daga kashi 19 zuwa kashi 40.

Abin da ya fi bayyana yanayin zaɓen rabin wa'adi shi ne a gwada shi da zaɓen shugaban ƙasa da ya gabace shi. A 2012 kashi 45 na matasa da kashi 72 na tsofaffi suka yi zaɓe; da aka zo 2014 matasa sun zube da maki 25, tsofaffi da maki 13. Kafin nan ma, matasan da suka fito da kashi 51 a 2008, shekarar da aka zaɓi Barack Obama, sun koma kashi 24 a 2010. Wato dai tsoho yana ɗaukar kowane zaɓe a matsayin zaɓe, matashi kuwa a mafi yawan lokaci yana fitowa ne idan akwai ɗan takarar shugaban ƙasa da ya cika ko'ina da suna. Abin da ya sa 2018 ta bambanta shi ne zubewar ta zo da sauƙi: daga kashi 46 a 2016 zuwa kashi 36, maki 10 kacal, yayin da tsofaffi suka sauko daga 71 zuwa 66.

Abin da ya tayar da matasa a 2018

Babban dalili shi ne Donald Trump, shugaban ƙasa a lokacin. Ko da yake ba ya takara, shi da kansa ya riƙa gaya wa magoya bayansa a wuraren gangami su ɗauka kamar sunansa na kan takardar ƙuri'a, masu adawa da shi ma haka suka ɗauka. Wannan ya zaburar da kowane rukuni, shi ya sa tsofaffin ma suka ƙaru. Amma akwai abin da ya shafi matasa kai tsaye. A ranar 14 ga Fabrairun 2018 wani tsohon ɗalibi ya shiga makarantar sakandare ta Marjory Stoneman Douglas da ke garin Parkland a jihar Florida da bindiga, ya kashe mutum 17, ɗalibai da ma'aikata. Ɗaliban da suka tsira ba su tsaya ga zaman makoki ba. Cikin mako shida suka shirya gagarumin tattaki a birnin Washington da ɗaruruwan garuruwa ranar 24 ga Maris, kuma abin lura shi ne sun haɗa gangamin da yi wa mutane rajistar zaɓe, sannan suka shafe hutun bazara suna zagaya jihohi a motar bas kan wannan aiki. Tun a watan Maris ɗin majalisar Florida, wadda jam'iyyar Republican ke da rinjaye a cikinta, ta ɗaga shekarun sayen bindiga zuwa 21, gwamna Rick Scott kuma ya sa hannu. Matashin da ya ga haka ya ga da idonsa cewa matsin lamba yana iya sauya doka, kuma wannan darasi ne da babu wani malamin aji da zai iya koyar da shi da baki.

A jihar dai, a watan Yulin shekarar, alƙalin kotun tarayya Mark Walker ya soke haramcin da hukumomin jihar suka ɗora tun 2014 kan buɗe wuraren zaɓen wuri, wato inda ake kaɗa ƙuri'a kwanaki kafin ranar zaɓe, a cikin harabar jami'o'i, yana mai cewa matakin nuna bambanci ne ga matasa. Dubban mutane sun yi zaɓe a waɗannan wurare a wannan kaka. Duk da haka Rick Scott na Republican ya kayar da sanata Bill Nelson na Democrat da ratar ƙuri'a kusan 10,000 cikin fiye da miliyan takwas da aka kaɗa, Ron DeSantis na Republican kuma ya zama gwamna da ratar ƙuri'a kusan 32,000. A jihar da yunƙurin ya samo asali, ɗan ƙarin fitowa kaɗan daga kowane ɓangare da ya isa ya juya sakamakon.

A faɗin ƙasa, binciken jin ra'ayin waɗanda suka fito daga rumfunan zaɓe ya nuna kashi 67 na matasa sun zaɓi 'yan takarar Democrat a majalisar wakilai, kashi 32 sun zaɓi Republican, tsofaffi kuwa sun rabu kusan biyu, da ɗan rinjaye ga Republican. Democrat ta ƙaru da kujeru kusan 40 ta karɓe majalisar wakilai, Republican kuma ta ƙara kujeru biyu a majalisar dattawa. Cibiyar bincike ta Pew ta ƙiyasta cewa waɗanda aka haifa daga 1965 zuwa sama sun kaɗa ƙuri'a miliyan 62.2, waɗanda suka girme su miliyan 60.1. Bai kamata a fahimci wannan da cewa ƙuri'ar matasa mallakar jam'iyya ɗaya ce ba, domin a zaɓen shugaban ƙasa na 2024 rinjayen Democrat a tsakaninsu ya ragu ƙwarai. Damuwar wannan nazari ita ce ko ana jin muryarsu, ba wanda suke zaɓa ba.

Mutum biyu a Texas

Zargin da aka fi yi wa matasa shi ne ba su damu ba. Masana siyasa biyu, John Holbein da Sunshine Hillygus, sun bi wannan zargi da bincike, suka gano cewa idan aka tambayi matasa kafin zaɓe, mafi yawansu suna cewa suna sha'awar siyasa kuma suna da niyyar zaɓe; inda ake rasa su shi ne tsakanin niyya da aiki. Hanya mafi sauƙi ta ganin abin da ke faruwa a wannan tsakani ita ce a ɗauki jiha ɗaya a bi dokokinta kamar yadda suke shafar mutum biyu.

Ga dattijuwa mai shekara 70 a Texas wadda ta shekara talatin a gida ɗaya. Sunanta yana cikin rajista tun da daɗewa, kuma muddin ba ta tashi ba babu abin da za ta sake yi. Dokar jihar ta ba duk wanda ya kai shekara 65 damar yin zaɓe ta gidan waya ba tare da ya kawo wani uzuri ba, kuma tana iya cika takarda ɗaya a farkon shekara a riƙa aiko mata da ƙuri'ar duk zaɓukan wannan shekarar har gida. Idan ta ga dama ta je da kanta, ta san wurin, mai yiwuwa cocinsu ne ko makarantar da 'ya'yanta suka yi, kuma mai yiwuwa ta san masu aikin, tunda fiye da rabin ma'aikatan rumfunan zaɓe a Amurka mutane ne da suka haura shekara 60. Ta yi ritaya, don haka kasancewar zaɓen ranar Talata, ranar aiki, bai dame ta ba. Jam'iyyu sun ga a kundin masu zaɓe cewa ba ta fashi, saboda haka akwatin wasiƙunta na cike da takardun 'yan takara, wayarta kuma ba ta hutawa.

Ga kuma ɗalibi mai shekara 19 da ya bar garin iyayensa ya shiga jami'a a ƙarshen watan Agusta. Dole ya yi rajista aƙalla kwana 30 kafin zaɓe, wato a farkon Oktoba, lokacin da hayaniyar yaƙin neman zaɓe ba ta kai ƙololuwa ba, shi kuma yana fama da sabon wuri da sabbin darussa. Jihar ba ta buɗe rajista ta intanet ga kowa ba, sai ya cika takarda ya sa hannu ya aika, ko ya samu wanda gunduma ta ba izinin karɓa. Sai ya yanke shawara ko da adireshin iyayensa zai yi ko da na ɗakin kwanan ɗalibai, kuma idan ya koma gidan haya a wata gunduma a shekara mai zuwa, kamar yadda ɗalibai da sabbin ma'aikata ke yawan yi, sai ya sabunta rajistarsa. Ba shi da damar zaɓe ta gidan waya sai da uzurin da doka ta amince da shi, kamar rashin kasancewa a gundumar a duk kwanakin zaɓe. A rumfar zaɓe za a nemi katin shaida mai hoto: lasisin tuƙi na Texas yana yi, fasfo yana yi, lasisin riƙe bindiga yana yi, katin ɗalibi ba ya yi, ko da na jami'ar gwamnatin jihar ne. Akwai takardar rantsuwa da wanda ya kasa samun kati zai iya cikawa, amma sai wanda ya san da ita. Babu ɗaya daga cikin waɗannan matakai da ya fi ƙarfin mutum, sai dai a kowane mataki wasu na zubewa, kuma duk matakan sun taru ne a kan wanda bai taɓa yi ba.

Wannan ba labarin ƙirƙira ba ne a tarihin jihar. Ɗaliban Jami'ar Prairie View A&M, wadda mafi yawan ɗalibanta baƙaƙen fata ne, sun daɗe suna shari'a da gundumar Waller, kuma a kan rikicinsu ne Kotun Ƙoli ta tabbatar a 1979 cewa ɗalibi yana da 'yancin yin rajista a inda yake karatu. A 2018 sun sake komawa kotu kan ƙarancin kwanakin zaɓen wuri a harabarsu. A Jami'ar Jihar Texas da ke San Marcos, wurin zaɓen wuri na harabar kwana uku kawai aka ware masa, layi ya yi tsawo har wasu suka haƙura, sai da aka yi barazanar kai ƙara kafin gundumar ta ƙara kwanaki. Da aka ƙalubalanci gatan da aka ba masu shekara 65 a kotu a 2020, bisa hujjar gyara na 26 ga kundin tsarin mulki, wanda a 1971 ya sauko da shekarun zaɓe daga 21 zuwa 18 kuma ya hana tauye wa mutum 'yancin zaɓe saboda shekarunsa, kotun ɗaukaka ƙara ta ce sauƙaƙa wa tsofaffi ba tauye wa matasa ba ne. A fuskar shari'a maganar na iya tsayawa, amma a aikace sakamakonta a bayyane yake.

Duk da waɗannan shingaye, fitowar matasan Texas ta ninka kusan sau uku tsakanin 2014 da 2018, kuma Beto O'Rourke na Democrat ya matsa wa sanata Ted Cruz na Republican lamba har ratar ta tsaya a ƙuri'a kusan 215,000, ƙasa da maki uku, a jihar da Democrat ba ta ci wani zaɓe na faɗin jiha ba tun 1994.

Yadda tsofaffi suka zama ƙarfi

Ba daidai ba ne a ɗauka cewa tsufa kawai ke kai mutum rumfar zaɓe. Masaniyar siyasa Andrea Campbell ta nuna cewa a tsakiyar ƙarni na ashirin tsofaffin Amurka ba su kai masu matsakaicin shekaru fitowa ba. A 1959 kusan kashi 35 cikin ɗari na masu shekara 65 zuwa sama suna cikin talauci. Shirin fansho na ƙasa da aka kafa a 1935 aka kuma riƙa faɗaɗa shi, da shirin inshorar lafiya na Medicare da ya zo a 1965, su suka sauya wannan hali: sun ba tsofaffi abin hannu da lokacin kansu, sannan, mafi muhimmanci, sun ba su wani abu takamaimai da za su kare. Mutumin da kuɗinsa ke shigowa daga gwamnatin tarayya kowane wata, wanda kuɗin asibitinsa ya dogara da abin da majalisa ta yanke, ba ya bukatar a yi masa wa'azi kan amfanin ɗan majalisa. Ƙungiyar AARP ta kare muradun tsofaffi, mai mambobi kusan miliyan 38, tana sanar da su duk wani ƙuduri da ya taɓa waɗannan shirye-shirye, 'yan siyasa kuma sun san cewa taɓa fansho kamar taɓa gidan rina ne.

Matashi ba shi da makamancin wannan igiya da ke ɗaure shi da majalisa. Bashin karatu, tsadar gidan haya, sauyin yanayi da harbe-harbe a makarantu duk suna damunsa, amma babu ɗayansu da ke zuwa masa a matsayin kuɗin wata da zai ga an rage ko an ƙara. Daga nan sai abin ya zama zagaye: ofishin ɗan takara yana da kuɗi da ma'aikata ƙayyadaddu, don haka yana sayen kundin masu zaɓe ya tace waɗanda suka saba fitowa, ya aika musu wasiƙa, ya buga musu waya, ya tura mai ƙwanƙwasa ƙofa. Wanda bai taɓa zaɓe ba, ko ya sauya adireshi, ba ya cikin jerin. Ba a neme shi ba, bai fito ba, sai a ce ai ba ya fitowa, a zaɓe na gaba ma a tsallake shi. A ganina wannan ne ɓangaren da ya fi ciwo, domin gwaje-gwajen da masana irin su Alan Gerber da Donald Green suka yi sun nuna cewa tuntuɓar mutum fuska da fuska tana ƙara yiwuwar fitowarsa, kuma wanda ya yi zaɓe sau ɗaya ya fi yiwuwar sake yi. Zaɓe sabo ne. Dattijuwar Texas ta fara nata sabon shekaru hamsin da suka wuce, tsarin kuma yana raya mata shi, shi kuwa ɗalibin ana jiran ya fara da kansa a shekarun da rayuwarsa ta fi rashin zama wuri ɗaya.

Gwajin 2022

Tambayar da ta rage bayan 2018 ita ce ko yunƙurin zai ɗore. A zaɓen 8 ga Nuwamban 2022, lokacin mulkin Joe Biden, ƙiyasin CIRCLE ya nuna fitowar matasa ta sauko zuwa kashi 23, ƙasa da 28 na 2018 amma sama ƙwarai da 13 na 2014, yayin da tsofaffi suka tsaya daram a inda suke, kusan biyu cikin uku. Abin da ya fi ilmantarwa shi ne bambancin jiha da jiha. Michigan ce ta zo ta ɗaya da kusan kashi 37, jihohi irin su Minnesota, Maine, Oregon da Colorado sun haura kashi 30, Tennessee kuwa ta tsaya wajen kashi 13. Matasan Tennessee da na Michigan wayoyi iri ɗaya suke riƙewa, shafukan sada zumunta iri ɗaya suke shiga, don haka ba za a ce halin zamani ne ya raba su ba. Jihohin da ke sama kusan duk suna da wani sauƙi a doka: Minnesota da Maine sun daɗe suna barin mutum ya yi rajista a ranar zaɓe, Oregon da Colorado suna aika wa kowane mai rajista ƙuri'arsa ta gidan waya, wato abin da Texas ta keɓe wa tsofaffi su sun ba kowa.

Michigan ta cancanci a tsaya a kanta. A zaɓen 2018 ɗin da muke magana a kai, masu zaɓen jihar sun amince da gyaran tsarin mulki da ya kawo rajista har zuwa ranar zaɓe, da sanya mutum a rajista kai tsaye idan ya je karɓar lasisin tuƙi, da zaɓe ta gidan waya ba tare da uzuri ba. Sannan a Yunin 2022 Kotun Ƙoli ta soke hukuncin 1973 da ya ba da kariya ga zubar da ciki a faɗin ƙasa, ta mayar da batun hannun jihohi, Michigan kuma ta sa shi a ƙuri'ar raba gardama a ranar zaɓen. Ko mene ne ra'ayin mutum kan batun, wanda ke da nauyi a addini da ɗabi'a, babu shakka ya taɓa matasa kai tsaye. A birnin Ann Arbor, ofishin magatakardan gari ya buɗe reshe a cikin harabar Jami'ar Michigan, inda ɗalibi zai yi rajista ya kaɗa ƙuri'a a zama ɗaya. An rufe zaɓe da ƙarfe takwas na dare, amma doka ta ce duk wanda ke kan layi a lokacin sai ya yi, ɗalibai suka tsaya cikin sanyin Nuwamba na sa'o'i, wasu lulluɓe da barguna, har na ƙarshe ya kaɗa ƙuri'arsa wajen ƙarfe biyu na dare. Da dokar kwana 30 ce ke aiki a can, mafi yawan waɗanda ke wannan layi da an sallame su tun daga ƙofa.

Ba zan ce doka kaɗai ta yi wannan aiki ba. Michigan jiha ce da jam'iyyun biyu ke fafatawa sosai, ana zuba kuɗi da ma'aikata a cikinta, Tennessee kuwa an san wanda zai ci tun kafin a fara, kuma mutum ba ya ɗokin zaɓen da ya san sakamakonsa. Amma idan aka haɗa 2018 da 2022 za a ga abubuwa biyu suna aiki ta hanyoyi daban. Fushi ko tsoro kan wani batu yana tayar da matasa, sai dai yana lafawa idan batun ya wuce. Sauƙin doka ba ya tayar da kowa, amma yana hana wanda ya taso a makare komawa gida hannu rabbana, kuma yana nan a zaɓe na gaba ko da babu wani batu mai zafi.

Dalilin da ya sa lamarin ya wuce wasan alƙaluma shi ne abin da zaɓen rabin wa'adi ke haifarwa. A 2010, da matasa suka janye, Democrat ta rasa kujeru 63 a majalisar wakilai, Republican kuma ta karɓe majalisun jihohi da dama daidai lokacin da ake sake shata mazaɓu bayan ƙidayar jama'a, taswirorin da aka zana kuwa sun yi aiki shekara goma. A 2014 Republican ta ƙaru da kujeru tara ta karɓe majalisar dattawa, kuma wannan rinjaye ne ya ba ta ikon ƙin sauraren Merrick Garland, wanda Obama ya zaɓa ya maye gurbin alƙali Antonin Scalia a Kotun Ƙoli a 2016. Kujerar ta koma hannun Neil Gorsuch a 2017, yana kuma cikin alƙalan da suka yanke hukuncin Yunin 2022. Rashin fitowar matasa ba shi kaɗai ya jawo waɗannan sakamako ba, kuma mai goyon bayan Republican zai ce sakamakon alheri ne. Abin da ba a jayayya a kai shi ne hukunce-hukuncen da matasa za su fi kowa daɗewa suna rayuwa a ƙarƙashinsu an gina su ne a zaɓukan da kusan huɗu cikin biyar ɗinsu ba su halarta ba.

Bayan 2018 jihohin biyu da muka duba sun bi hanyoyi mabambanta. A 2019 majalisar Texas ta yi dokar da ta hana buɗe wuraren zaɓen wuri na wucin gadi, ta ce duk wurin da aka buɗe sai ya yi aiki a dukkan kwanakin zaɓen wuri, kuma saboda tsadar hakan gundumomi da dama suka rufe wuraren da suke kai wa harabar makarantu, har da wasu gidajen kula da tsofaffi da ƙauyuka. Masu goyon bayan dokar sun ce an yi ta ne don hana jami'ai kai akwati inda suke so don amfanin kansu. Michigan kuwa a 2022 ta ƙara da kwana tara na zaɓen wuri a tsarin mulkinta, sannan a 2023 ta amince a riƙa yi wa masu shekara 16 rajistar share fage, ta yadda ranar da suka cika 18 sunansu na cikin kundin da jam'iyyu ke dubawa idan za su fita neman ƙuri'a.